Murar Tsuntsaye: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Yauri

Tun daga shekarar 2024, sa'ad da labari ya bazu cewa murar tsuntsaye ta shiga garkunan shanu a Amurka har ta kama waɗansu masu tatsa, maganar wannan cuta ta sake tashi a gidajen rediyo da wayoyin hannu. A kan sami mutane iri biyu game da ita. Waɗansu su kan firgita, su ce wata annoba ce irin korona ta ke tafe, har su ƙaurace wa naman kaza da ƙwai. Waɗansu kuwa su kan ɗauke ta tatsuniya, su ce tun kaka da kakanni kaji suna mutuwa da hunturu, ba a taɓa jin wanda ya bi su ba. Ko wane ɓangare yana da kuskure.

An shirya wannan takarda domin Hakimai da Malamansu na ƙasashen Yauri da Ngaski da Shanga, da dukan garuruwan bakin Tafkin Kainji, su san gaskiyar al'amarin, gama su ne talakawa za su tambaya, kuma ta hannunsu ne labarin ƙauye ya ke isa ga Hukuma.

MECE CE MURAR TSUNTSAYE?

Wata ƙwayar cuta ce ƙarama ainun, danginta ɗaya da murar da ta ke kama mutane da hunturu. Asalin mazauninta jikin tsuntsayen ruwa ne, watau agwagin daji da dinya da makamantansu, kuma galibi ba ta yi musu kome. Ire-irenta suna da yawa, masana sun ba ko wace iri lambarta. Mafi yawansu masu sauƙi ne, amma akwai masu zafi, waɗanda in sun faɗa cikin kaji su kan share akurki cikin kwana biyu ko uku. Wadda ta fi damun duniya ita ce mai lamba H5N1.

An fara ganin wannan iri a jikin dinyar gida a kudancin ƙasar Sin cikin 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a birnin Honkon, 6 suka mutu. Hukumar birnin ta sa aka kashe kajin kasuwanni da na gonaki duka, fiye da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki, cutar kuwa ta lafa. Ta sake ɓullowa a ƙasashen Asiya cikin 2003. A 2005 ta kashe tsuntsayen daji fiye da 6,000 a wani babban tafki na yammacin Sin, daga nan ta bi ta Rasha da Turai, ta iso Afirka.

Ƙwayar tana fita cikin kashin tsuntsu da majinarsa da miyaunsa. A wuri mai sanyi da damshi, ko cikin ruwa, ta kan yi kwanaki ko makonni ba ta mutu ba. Zafin wuta da sabulu suna kashe ta.

YADDA TA SHIGO NIJERIYA

Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da H5N1 a cikin kajinta. Cikin watan Janairu na 2006 kaji suka fara mutuwa dubu-dubu a wata babbar gona da ke Jaji, cikin ƙasar Igabi ta Jihar Kaduna. Ba a ba da sanarwar tabbacin cutar ba sai ran 8 ga Fabrairu, bayan an gwada samfur a ƙasar Italiya. Cikin waɗannan makonni huɗu ba a daina ɗaukar kaji da ƙwai daga gari zuwa gari ba. Kafin a farga an ga cutar a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare kuma an same ta a Magariya, cikin Jamhuriyar Nijar. Daga 2006 zuwa 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja, aka yi hasarar tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya.

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce cikin wannan labari. A watan Yuli na 2008 aka sami ƙwayar a gonaki biyu, Kano da Katsina, da kuma kasuwannin kaji biyu, ɗaya a Jihar Gombe, ɗaya a Jihar Kebbi. Da aka bincika sai aka ga wani sabon reshe ne na cutar, wanda ba a taɓa gani a Afirka ba kafin wannan lokaci.

Bayan 'yan shekaru na sauƙi ta komo Kano da Ikko a farkon 2015, ta sake komowa a 2021. A ƙarshen 2024 kuma, a birnin Kano, wani mai kiwo ya sayo agwagwa guda daga kasuwar Janguza ya haɗa ta da tsuntsayen gidansa, mafi yawansu suka mutu, gwaji ya nuna murar tsuntsaye ce. Abin lura a nan shi ne, tsuntsu guda da aka sayo a kasuwa ya isa.

TANA KAMA MUTUM?

Tana kamawa, amma da wuya. Daga 2003 zuwa 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta mutum fiye da 900 da aka tabbatar H5N1 ta kama, a ƙasashe ashirin da 'yan kai, kusan rabinsu kuwa sun mutu. Masar ta fi ko wace ƙasa yawan waɗanda su ka kamu, Indunusiya ta fi yawan mamata. In an auna wannan lissafi da miliyoyin mutanen da ke taɓa kaji kullum, za a ga kaɗan ne ƙwarai. In kuwa an duba yawan mamata cikin waɗanda su ka kamu, za a ga cuta ce mai tsanani.

A Nijeriya, wata mace mai shekara 22 ta rasu a Ikko cikin watan Janairu na 2007, gwaji ya tabbatar H5N1 ce. A 2021 kuma aka sami alamar ƙwayar a jikin waɗansu masu aikin kaji a Kano da Filato. A Amurka, daga 2024 zuwa farkon 2025, ta kama wajen mutum 70, galibinsu ma'aikatan gonakin shanu da kaji. Mafi yawansu jan ido su ka yi da ɗan zazzaɓi, su ka warke, amma mutum ɗaya ya rasu a watan Janairu na 2025.

Kusan duk waɗanda cutar ta kama, daga jikin dabba mara lafiya ko mushenta su ka ɗauka, wajen yanka, ko figa, ko fid da kayan ciki, ko share akurki. A Masar mata da yara sun yi yawa cikin masu kamuwa, domin su ke hidimar kajin gida. Naman da ya dahu sarai, da ƙwan da gwaiduwarsa ta daskare, ba su ɗauke da cutar, gama zafi digiri 70 yana kashe ta. Haɗarin yana tsakanin wuƙa da tukunya.

Saboda haka akwai wata al'ada da ta ke bukatar gyara. In kaza ta fara layi, a kan ce a yi maza a yanka ta kafin ta zama mushe, a ba yara su fige. Niyyar mai kyau ce, watau gudun hasara da gudun haram, amma a lokacin annoba wannan ita ce babbar ƙofar da cutar ta ke bi ta shiga jikin mutum.

ABIN DA LIKITOCI SU KE TSORO

Mai karatu zai ce, in dai mutum dubu ɗaya ba su cika ba cikin shekara ashirin, me ya kawo wannan damuwa duka? Amsar tana cikin halin ƙwayar mura.

Ƙwayar ta kan shiga jiki ne kamar yadda makulli ya ke buɗe kwaɗo. Makullin murar tsuntsaye ya dace da jikin tsuntsu. A jikin mutum bai dace da hanci da maƙogwaro sosai ba, sai can cikin huhu. Shi ya sa ta ke da wuyar kama mutum, shi ya sa in ta kama ta ke yin tsanani, shi ya sa kuma ba ta bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan kamar murar hunturu. An taɓa samun 'yan wurare inda ta wuce daga majinyaci zuwa ɗan'uwansa mai jinya, amma ta kan tsaya nan.

Sai dai ƙwayar mura ba ta zama da kama ɗaya. Ko yaushe ta hayayyafa ta kan sake ɗan wani abu. Har wa yau, asalin halittarta gutsure takwas ne a harhaɗe, kamar jirgin ruwan da aka ƙera da katako takwas. In murar tsuntsaye da murar mutane su ka gamu cikin jiki ɗaya, na mutum ko na alade, su kan yi musayar gutsure, kamar a farfasa jirage biyu a fili ɗaya, maƙeri ya ɗebi katakon wannan da na wancan ya fid da na uku. Wannan ta ukun tana iya ɗaukar zafin ta tsuntsaye ta haɗa da saurin ta mutane, jikin jama'a kuwa bai san ta ba.

An taɓa ganin haka. Murar da ta game duniya a 1957 da wadda ta biyo baya a 1968, ko wacce an same ta da gutsuren murar tsuntsaye a cikinta, ko wacce kuma ta kashe mutum miliyan ɗaya ko fiye. Wadda ta fi su duka ita ce ta 1918, wadda tsofaffin ƙasar Hausa su ka kira Marisuwa. Ta sauka Ikko daga jirgin ruwa cikin watan Satumba na wannan shekara, ta bi hanyar jirgin ƙasa da kogi ta hau Arewa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a duniya kuwa wajen miliyan 50.

Abin da ya ƙara ta da hankalin masana shi ne, daga 2021 H5N1 ta yaɗu fiye da dā. A watan Janairu na wannan shekara ta kashe kwasakwasa wajen 750 a wani dausayi na ƙasar Sinigal. Daga baya ta kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Kudancin Amurka, a watan Maris na 2024 kuma aka same ta a shanun tatsa a Amurka, har cikin ɗanyen madararsu. Ko wace dabba mai shayarwa da ta kama, wata dama ce ta gyara makullinta.

Duk da haka, tun 1997 ba ta koyi yawo tsakanin mutane ba, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarinta ga sauran jama'a ƙarami ne, ya ɗan fi yawa ga masu aiki da dabbobi. Likitoci ba su ce lalle annoba za ta zo ba. Abin da su ka ce shi ne, gwargwadon yawan jikunan da ƙwayar ta shiga, gwargwadon yawan damarta. Rage wannan dama kuwa a ƙauye a ke yinsa.

DALILIN LURA DA BAKIN TAFKI

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kogin Kwara ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, mai gungaye da fadamu. Tsibiran Foge suna cikin dausayoyin da aka sa cikin lissafin duniya a 2008 saboda muhimmancinsu. Ko wace shekara, daga wajen watan Oktoba zuwa Maris, baƙin tsuntsayen ruwa su kan zo daga Turai da Asiya su yi hunturu a dausayoyin Afirka ta Yamma, su cakuɗa da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Lokacin kuwa na sanyi ne, sa'ad da ƙwayar ta fi daɗewa cikin ruwa.

Tsuntsu yana iya ɗaukar cutar ba ya nuna alama. A watan Fabrairu na 2007, a dausayin Haɗejiya da Nguru, masu bincike sun kama kirinjijiya da dinya lafiyayyu, su ka sami wata iri mai zafi ta murar tsuntsaye a jikinsu. Agwagwar gida ma haka ta ke. Ta wuni tana iyo a bakin ruwa tare da na daji, da maraice ta komo ta kwana da kaji.

Amma ba tsuntsun daji ne kaɗai abin zargi ba. Shi ya kan kawo cutar ƙasa, mutum ne ya ke rarraba ta. Kwandon kaji da ya hau jirgi daga gungu zuwa kasuwar Yelwa ko ta Wara, ko ya ƙetare zuwa gefen Bargu, da motar da ta bi hanyar Kontagora zuwa Koko da Jega, da faifan ƙwai, da takalmin dillali, da buhun kashin kaji da a ke sayowa domin takin albasa, duk suna iya ɗaukarta. Kashe tsuntsayen daji ba magani ba ne, sai ma ya watsa su.

ALAMUN CUTAR A JIKIN KAJI

Kaji da yawa su mutu farat ɗaya, waɗansu ba tare da an ga sun yi ciwo ba. Kai da fuska su kumbura. Zanko da leɓe su yi shuɗi-shuɗi. Ƙwauri ya yi ja kamar jini ya kwanta. Zawo, da wuyar numfashi, da murɗewar wuya, da daina ƙwai. Zabi da talotalo su mutu tare da kaji.

Wahalar ita ce, tsohuwar annobar kaji ta hunturu, wadda likitoci su ke kira Niyukasil, tana da kusan waɗannan alamu duka, ita kuwa ba ta da wani haɗari ga ran mutum, kuma tana da riga-kafi. Da ido ba mai iya rarrabe su, ko Likita. Sai an aika da samfur zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato. Saboda haka faɗar "ai ciwon da aka saba ne" ba hujja ba ce. Kafson da a ke jiƙa wa kaji a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, ba su kashe wannan ƙwaya.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

1. Hakimi ya tara Dagatai da Masu Unguwa, da Sarkin Kasuwa, da Sarakunan Ruwa, da shugabannin mafarauta da na dillalan kaji, tun kafin hunturu ya shiga. Ya umurce su da kawo labari a ranar da su ka ga kaji suna mutuwa fiye da yadda aka saba, ko an ga mushen tsuntsayen daji a bakin ruwa.

2. Labari na isowa, Malamin Hakimi ya buga waya ga Malamin Dabbobi na ƙaramar hukuma da jami'in lura da cututtuka, kana ya bi da takarda, ya aika da kwafinta ga Majalisar Sarki. Kada a jira ranar kasuwa ko rahoton ƙarshen wata.

3. Takardar ta nuna sunan gari da unguwa, da ranar da mutuwar ta fara, da irin tsuntsayen, da yawan waɗanda su ke akwai da waɗanda su ka mutu. Ta nuna ko an sayo sabon tsuntsu cikin mako biyu da su ka wuce, daga wace kasuwa, da ko an sayar da waɗansu, zuwa ina. Ta nuna kuma ko akwai mai zazzaɓi a gidan.

4. Kada a ba manzo mushe ya kai a jirgi ko motar haya domin shaida. Ɗaukar samfur aikin ma'aikata ne.

5. Kafin ma'aikata su iso, kada kaza ko ƙwai ko taki ya fita daga unguwar. Rufe kasuwa da kashe sauran kaji hukuncin Gwamnati ne bisa shawarar Likitan Dabbobi. Na Hakimi shi ne ya shirya zukatan jama'a, ya tsare ma'aikata daga tsangwama.

6. Mushe a binne shi cikin rami mai zurfin gaba guda, nesa da rijiya da bakin ruwa. Babba ne zai yi aikin, ya rufe hanci da baki, ya sa hannu cikin leda, ya wanke da sabulu bayan ya gama. Kada a jefa a tafki ko juji, kada a ba kare ko kyanwa ko kifin kiwo.

7. Duk wanda ya taɓa tsuntsayen a rubuta sunansa, a lura da shi kwana goma. In ya yi zazzaɓi, ko tari, ko jan ido, ko wuyar numfashi, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma gaya wa Likita cewa ya taɓa kaji marasa lafiya. Akwai maganin da ya ke taimako, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyu na farko.

ABIN DA ZA A GAYA WA TALAKAWA

Sabon tsuntsu a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida, haka kuma wanda aka kai kasuwa bai sayu ba. A raba makwancin agwagi da na kaji, a raba na kaji da ɗakin mutane. Kada a sayi kaza mai araha fiye da kima a lokacin da a ke jin labarin mutuwa. Masunci ko mafarauci in ya tsinci tsuntsun da ya kasa tashi, ya bar shi. A dafa nama da ƙwai sarai, a tafasa madara. Tun da ya ke yawancin kajin ƙauye na mata ne, shela a kasuwa ba ta isa ba. Sai Limamai da ungozomai da malaman Islamiyya sun shigar da maganar cikin gidaje.

Babban abin da ke sa mutane ɓoye labari shi ne tsoron a kashe musu kaji. Kaza kuwa ita ce asusun matar ƙauye, da ita ta ke sayen magani da kayan salla, saboda haka tsoron ba na banza ba ne. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta biya diyyar naira 250 a kan ko wace kaza, masu kiwo su ka yi kukan bai kai kuɗin kasuwa ba, daga baya aka ƙara. Diyyar kuwa a kan tsuntsayen da ma'aikata su ka kashe aka biya ta, ban da waɗanda su ka riga su ka mutu. Watau mai jinkirin kai labari shi ya fi kowa hasara. Kada Hakimi ya yi wa kowa alkawarin kuɗi da bakinsa, amma ya tabbata Malaminsa ya rubuta lissafin ko wane gida a gaban shaidu, domin in biya ya zo kada haƙƙin wani ya salwanta. Kada kuma a kunyata wanda ya kawo labari, ko maƙwabta su ɗora masa laifi, gama in aka yi wa ɗaya haka, na biyu ba zai zo ba.

A Honkon, cikin 1997, an yi hanzari, cutar ta lafa. A Jaji, cikin 2006, an yi mako huɗu kafin tabbaci, ta kuwa taɓa jihohi 25. In Mai Unguwa ya kawo labari, aka bincika aka ga Niyukasil ce, ba a yi hasarar kome ba sai man babur ɗin Malamin Dabbobi, mutanen garin kuma sun sami dalilin yi wa sauran kajinsu riga-kafi. In kuwa ɗaya ce, to kwana ɗaya da aka rage yana iya tsare kasuwa guda, ko ran yaro. Allah ya kiyaye ƙasa da jama'arta, amin.